Gwiwar da Na Ce Da Sauƙi

Jirgi ya sauke ni a Zurik da hantsin wata Talata, a lokacin da gero ya kai gwiwa a gonakinmu. A littattafan soyayyar da na tashi ina haya a kasuwar Gezawa, duk saurayin da ya sauka a ƙasar waje akwai mai jiransa, ko direba cikin fararen kaya ko wata kyakkyawa riƙe da fure. Ni ma an ce mini akwai mai jirana. Manaja ne ya faɗa mini, mutumin da ya gan ni ina buga lamba bakwai a gasar ƙauyuka, ya biyo ni har gida, ya shirya mini takardu. Ya ce yaronsa zai tsaya a bakin ƙofar fita da allo mai sunana.

Na karanta alluna sun fi ashirin. Babu Habibu a ko ɗaya.

Na kira lambar Manaja, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na zauna a kan benci na rungume jakata. 'Yan sanda biyu suna zagayawa da wani ƙaton kare, duk sanda suka doso ni sai in miƙe tsaye, su kalle ni su wuce, in koma in zauna. Sai da azahar ta yi na tuna da takardar gayyatar da ke cikin fasfona. Manaja ya ce mini babbar ƙungiya ce, irin waɗanda muke gani a gidan kallo, ni kuma ban taɓa tsayawa na karanta takardar da kyau ba, hatimin kawai nake kallo ina murna. Na kai wa wata mata da ke zaune a teburin tambaya. Ta danna kwamfuta, ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ta nuna mini wani ɗan ɗigo a taswira, a tsakiyar duwatsu. Ƙaramin gari, ƙaramar ƙungiya, jiragen ƙasa uku kafin a kai. Takardar ta ce gwaji ne na mako uku a hannun wani koci mai suna Urs. Bizata kuma wata ɗaya. A duk abin da Manaja ya faɗa mini, maganar gwajin nan kaɗai ce gaskiya. Ban sake jin muryarsa ba har yau.

Komawa gida a ranar ba ta cikin lissafina, saboda Falmata, yarinyar da nake nema da aure. Mahaifinta Baba Goni, wanda iyayensa suka zo daga Barno tun kafin a haife shi, yana fataucin wake a Dawanau. Ranar da manyana suka je masa, ya karɓe su hannu bibbiyu, amma ya ce, "Yaron nan na san shi, ba shi da aibu. Sai dai ƙwallo ba sana'a ba ce sai ranar da na ga takarda. Na ba shi zuwa kaka." Takardar nan na zo nema.

A jirgin ƙasa na biyu na fara sanin tsoro na gaske. Muna cikin tafiya a fili mai haske, sai kawai jirgin ya kutsa cikin dutse. Tagogi suka yi baƙi, kunnuwana suka toshe. Na jira mu fito, ba mu fito ba. Na ƙirga har ɗari biyu, ba mu fito ba. Na fara kalmar shahada a hankali, ina tunanin duk nauyin dutsen nan yana bisa kanmu, kuma babu wanda ya san inda nake a duniya. Mutanen da ke cikin taragon kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba daga wayoyinsu.

Wata tsohuwa da ke zaune tana fuskantata ta ga leɓuna suna motsi. Da muka fito, ta buɗe jakarta ta miƙo mini burodi da cuku. Rabona da abinci tun cikin jirgin sama. Na sa hannu a ƙirji na ce na gode, na ƙoshi, kamar yadda aka koya mini, ina jiran ta sake miƙowa in karɓa. Sai ta yi murmushi ta mayar da shi jaka ta ja zif. Na bi burodin da ido har ya ɓace. Sai da za ta sauka, bayan ta rubuta mini lambar layin da zan hau jirgi na uku a bayan tikitina, ta tsaya ta dube ni sosai, ta fito da burodin ta ɗora mini a cinya ta fita.

Ta taga ƙasar kore ce shar, shanu masu ƙararrawa a wuya suna kiwo ba makiyayi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. A wajenmu ba ka tafiyar minti biyar ba ka yi sallama da wani ba: gona tana jikin gona, gida yana hango gida, nan mai huɗa, can mai tallar fura, can wani a kan jaki. A nan kuwa gonaki ne gyararru kamar an share su da tsintsiya, babu mutum ko ɗaya a ciki. Na riƙa tambayar kaina, su wa suke wannan aikin, kuma ina suka shiga?

Da la'asar na isa filin ƙungiyar, a gindin wani dutse mai farin kai. Wani dogon dattijo mai furfura yana tsaye a bakin fili da usur a wuya. Ya taho wajena yana jan ƙafar hagu. Na ajiye jaka na durƙusa na gaishe shi. Sai na ga shi ma ya sunkuya yana duba ciyawa, yana tambayata da Turanci me na yar.

"Tashi, ɗan'uwa," na ji an ce a bayana, da Hausa tsantsa. "Nan ba a durƙusa musu. Ya zaci makulli ka yar."

Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Wani gajeren mutum ne baƙi, mai gemu, riƙe da kwandon riguna. Sunansa Malam Isuhu, mutumin Damagaram, ya fi shekara ashirin a garin, yana auren 'yar can. Shi ke yanke ciyawar fili, shi ke wanke rigunan 'yan wasa.

"Daga ina?"

"Daga wajen Gezawa, Malam."

"Af, Bakano ne. Shi ya sa jaka ƙarama, buri ƙato. Share hawayen, kada ka ba mu kunya a gaban Bature."

Shi ya fassara mini yadda al'amarin yake. Manaja bidiyona kawai ya turo, Koci Urs ya ce a zo ya gani, bai yi alkawarin komai ba. Mu uku ne a gwaji, gurbi ɗaya ne. A ƙarshen mako na uku za a buga wasan sada zumunta da wata ƙungiya da ta fi su girma, shugabannin kulob za su zauna su kalla, a nan za a zaɓi mutum ɗaya a ba shi kwantiragi.

Aka ba ni ɗaki a saman ginin kulob. Hanyar zuwa ɗakin wani siririn lungu ne da aka jera hotuna a bangonsa, kusan duka na Koci Urs. Malam Isuhu ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Ga shi yana matashi a wannan filin, lokacin yana koyon kafinta da rana yana tirenin da yamma. Ga shi an saye shi zuwa birni, ɗan wasan baya, gashi har kafaɗa. Ga shi da ƙyallen kyaftin a hannu, ga shi yana tsalle ya fi kowa tsawo, ga shi da jini a gira yana dariya. Sai wani hoto shi kaɗai, ya sa jar riga ta ƙasarsu, hannunsa a ƙirji. Daga nan hotunan suka canza: ya yi ƙiba, ya sa kayan koci, yana tsakiyar matasa, sannan yana mataimaki, sannan da kwat a bakin babban fili yana nuna wani abu da yatsa.

"Sau biyu ana korarsa daga manyan ƙungiyoyi," in ji Malam Isuhu. "Na farko don ba ya cin wasa, na biyu don bakinsa. Sai ya tattara ya dawo garinsu."

"Me ya sa na jar rigar guda ɗaya ne?"

"Wannan kuma sai ka tambaye shi."

Makon farko na yi kyau. Ƙafar da ta saba da burji da ƙaya ta samu ciyawa kamar katifa, na riƙa yanke 'yan bayansu ina wucewa. Koci ba ya yabo, sai dai ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Kullum bayan tirenin nakan zauna a taga in tsara wa Falmata saƙo. Nakan ce mata, "Ya ke sanyin idanuna, duwatsun ƙasar nan sun yi fari ne don sun ji labarin hasken fuskarki." Na ce mata a otal nake, ina hango tafki daga gadona. Ita kuma amsarta ba ta wuce layi ɗaya: "Masha Allah. Ka ci abinci?"

Rana ta tara aka wuni ana yayyafi. Na karɓi ƙwallo a gefe, na zo juyawa, ƙusoshin takalmina suka kafe a ciyawa, jikina ya juya ƙafar dama ba ta juya ba. Na ji ƙas a cikin gwiwa, irin ƙarar karan dawa in an taka shi. Na faɗi. Kafin kowa ya iso na miƙe.

Koci ya zo ya tsaya a kaina. Ya nuna gwiwar ya tambaye ni yaya take. Turancina na sakandare ne, nasa ma ba wani mai yawa ba ne. Na laluba cikin kaina na nemo Turancin "da sauƙi", na samu kalma ɗaya. Na ce, "Beta, sa."

Duk Bahaushe ya san abin da na faɗa. In aka ce maka ya jiki, ba ka da amsar da ta wuce da sauƙi. Ba labarin jikinka kake bayarwa ba, godiya kake yi wa Allah, kana kuma sauƙaƙa wa wanda ya zo duba ka. Mai dubiya shi zai kalli idonka da yadda kake kwance ya gane wa kansa. Ban taɓa jin wanda aka gaishe da jiki ya ce babu sauƙi ba.

Koci ya ce ko a kira likita. Na ce beta. Ya gyaɗa kai, ya rubuta a littafinsa, ya busa usur aka ci gaba.

Washegari gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙaramar kabewa. Na shafa man zafin da Inna ta cusa mini a jaka, na naɗe ta da bandeji tamau, na sa dogon wando. Kowace safiya Koci zai tsaya a gabana ya ce, "Gwiwa?" In ce, "Beta." Ya rubuta. Kwana biyun farko, Allah ya sani, gaisuwa nake amsawa. Amma zuwa kwana na huɗu na gane ba gaisuwa yake yi ba, tambaya yake, kuma abin da yake rubutawa shi ne kullum ina ƙara warkewa. Na gane, kuma na bar shi a haka. Daga nan ba al'ada ba ce, ƙarya ce, ni ma na sani.

Na koyi gudu a miƙe ba juyawa, na koyi sakin ƙwallo da wuri. Amma matakala ta zame mini dodo. Sau biyu ina saukowa daga ɗakina gwiwar ta zame daga ƙarƙashina, kamar ba a ɗaure take da komai ba, sai da na riƙe bango. Ɗaya daga cikin abokan gwajina, wani dogo mai idon mage daga gabashin Turai, ya riƙa kallon ƙafata in muna sa takalma. Kullum ina jiran in ga ya nufi ofishin Koci. Bai taɓa zuwa ba, amma tsoron ya hana ni cin abinci. Ina tsoron a gane, ina tsoron kada a gane. In na rufe ido sai in ga kaina ina saukowa daga mota a Gezawa da sanduna biyu, ko kuma ina saukowa da ƙafa biyu hannu babu takarda, majalisar mai shayi ta yi tsit ana kallona. Ban san wanne ya fi muni ba.

Ranar Juma'a, ana gobe wasa, na shiga ɗakin wanki in yi azahar, don nan ne babu mai shiga sai Malam Isuhu, shi kuma na zaci ya tafi masallaci a birni. Kwana biyar ke nan ba na iya sujada. Na ja kujera na zauna, na miƙe ƙafar, na ta da kabbara. Da na sallame na juya, yana tsaye a bakin ƙofa da kwandonsa.

"Ya jiki, Bakano?"

"Da sauƙi, Malam."

"Da sauƙin gida, ko da sauƙin Turawa?"

Ya ajiye kwandon, ya tsuguna, ya naɗe ƙafar wandona da kansa. Ya daɗe yana kallon gwiwar.

"Saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya yana sallah a kujera kamar kakana. Tun yaushe?"

"Malam, don girman Allah ka rufa mini asiri. Minti casa'in ne kawai. In na samu takardar nan, sai a yi maganin a hankali."

"A wace ƙafar za ka kai takardar gida?"

"Akwai maganar aure a kai."

"Na sani, kullum ina ganinka a taga kana murmushi da waya kamar wanda aka yi wa albishir." Ya sauke mini wandon. "Ba zan faɗa masa ba, ba ƙafata ba ce. Amma ka san mutanen nan, abin da ka faɗa shi suke ɗauka. Ni sai da na yi shekara biyu da aure matata tana gaya wa 'yan uwanta wai mijinta ba ya ciwo. Ranar da na faɗi a banɗaki aka kai ni asibiti, da na farfaɗo ba sannu ta yi mini ba, faɗa ta yi mini. Mutumin nan ya yarda da kai. Gobe zai sa ka, kuma ɗan bayan da zai tsare ka ba zai tambaye ka ya jiki ba."

Ranar Asabar da hantsi Koci ya aiko a kira ni ofishinsa. Malam Isuhu yana ciki, an kira shi ya yi tafinta don Koci yana so in fahimci tsarin wasa sosai. A kan allo ga sunana cikin sha ɗayan farko. A kan tebur ga riga mai lamba bakwai a ninke. Koci ya gama zane-zanensa, ya rufe alƙalami, ya ce, "Gwiwa?"

"Beta, sa."

Ya buɗe littafinsa ya yi ta juya shafuka baya. Sannan ya yi wa Malam Isuhu magana da Jamusanci, doguwa. Malam Isuhu ya amsa da kalma biyu, na ji su sarai: "Da sauƙi." Koci ya maimaita a bakinsa, ya sake tambayar wani abu.

Malam Isuhu ya juyo gare ni. "Ya ce kwana goma kana ba shi kalma ɗaya, bai taɓa ganin ciwon da kullum yake sauƙi amma mai shi ya daina juyawa ta dama ba. Ya tambaye ni yadda ake faɗa da yarenmu, na gaya masa. Yanzu tambayarsa ita ce, a wane lokaci mutanenmu suke cewa da sauƙi. In ba shi amsa, ko kai za ka ba shi?"

Na kalli rigar. Na ce, "Gaya masa kullum muke faɗa."

"Ya ce ko ciwon ya yi tsanani?"

"Gaya masa ranar da mahaifina zai rasu, da safe liman ya zo duba shi, ya ce masa da sauƙi. Kafin azahar aka yi masa sutura."

Malam Isuhu ya fassara. Koci ya ajiye littafin a hankali. Ya jawo kujera ya zauna a gabana, ya naɗe wandonsa na hagu. Gwiwar ba ta yi kama da gwiwa ba. Tabon ɗinki uku ne suka ratsa ta, ƙashin ya karkace gefe. Ya fara magana yana kallonta, Malam Isuhu yana biye da shi.

"Ya ce ka ga hotonsa da jar riga. Shekara da shekaru yana jira a kira shi ya buga wa ƙasarsa, sai aka kira shi a makon da gwiwar nan take damunsa. Likita ya tambaye shi, ya ce lafiya lau. Ya ce shi ba al'ada ba ce ta sa shi, ƙarya ya yi da gangan. Bai kai hutun rabin lokaci ba aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya yi shekara guda yana jinya, ya dawo ba gudu, aka riƙa sayar da shi daga ƙungiya zuwa wadda ba ta kai ta ba har ya ajiye takalmi. Ya ce yanzu jikarsa in ta ruga ba ya iya kamo ta."

Koci ya sauke wandonsa. Ya sake tambaya.

"Ya ce in mutum ya rabu da ciwo gaba ɗaya, me yake cewa da yarenmu?"

Na ce, "Sai ya ce, na warke."

Wannan karon Koci bai bi ta tafinta ba. Ya ɗauki rigar ya ɗora a gwiwarsa, ya dube ni cikin ido, ya haɗa kalmomin da kyar, da Hausar da ya ji yanzun nan: "Ka warke?"

Malam Isuhu ya ƙara da cewa, "Ya ce ba zai taɓa ƙafarka ba, ba zai kira likita ya tona ka ba. Kai babba ne. In ka ce ka warke, ga riga."

Ta taga ina jin motar ƙungiyar da za mu kara da ita ta iso, ana sauke kaya, ana dariya. Kalma biyu ce tsakanina da filin. Na san zan iya faɗarsu, na riga na saba. Na ga fuskar Baba Goni yana warware takarda, na ga Falmata da lalle. Sai kuma gwiwar tawa ta yi wani motsi a cikin bandeji, ina zaune ban ko taka ta ba, tsoro ya taso mini tun daga tafin ƙafa har wuya. Ba zan ce jarumta ce ta sa ni magana ba. Tsoro ne ya fi wani tsoron ƙarfi.

Na ce, "Ban warke ba."

A benci na kalli wasan, da ƙullin ƙanƙara a gwiwa. Dogon nan mai idon mage ya sa lamba bakwai. Bai fi ni ba, har gobe ina faɗa, amma ya ba da ƙwallon da aka ci, shugabannin kulob suka tafa masa. Shi aka ba takardar. Da aka tashi ya zo ya dafa kafaɗata ya ce wani abu da yarensu, ban san ko haƙuri yake ba ni ko godiya yake yi ba.

Ranar Litinin Koci ya kai ni asibiti a motarsa. Aka kwantar da ni aka tura ni cikin wani farin bututu mai ƙara, aka ce kada in motsa. Na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace. Likitar ta nuna mana hoton: jijiyar da ke riƙe gwiwar ta yage fiye da rabi, sauran zare-zare ne. Na tambaye ta, ta bakin Malam Isuhu, da na buga fa? Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce wataƙila ta tsinke a minti goma, wataƙila kuma in gama wasan lafiya. Babu wanda zai iya sani. Da ta ce mini tabbas za ta tsinke, da na fi samun barci a shekarun nan.

Ranar da zan tafi, su biyun suka raka ni tasha, gwiwata cikin wani abin ɗauri mai ƙarfe a gefe. Koci ya ba ni takardu huɗu da ya zana da hannunsa, ɗan mutum yana ɗaga ƙafa, ɗan mutum yana jingine da bango, kowane da adadin da zan yi kullum. Ya ce bayan wata shida in turo masa bidiyo, amma bai yi mini alkawari ba. Malam Isuhu ya cusa mini ledar dabino da burodi.

"Karɓi tun a miƙowar farko," ya ce. "Ni ma na zama Bature, ba na miƙawa sau biyu."

A filin jirgi na zauna na fara tsara wa Falmata saƙo. Na rubuta layi uku a kan ƙaddara da taurari da zuciyar da ta karye a ƙasar baƙi. Na karanta, na goge. Na kira ta.

Na gaya mata babu otal, babu tafki, ɗaki ne a saman ɗakin wanki. Na gaya mata Manaja ya gudu, gwiwata ta yage, an ba wani takardar. Na ce ta gaya wa Baba ba sai ya jira kaka ba. Ta cikin wayar ina jin kukan awaki a gidansu, da wata tana daka a nesa.

"Ƙafar tana jikinka?" ta ce.

"Tana nan."

"Kana takawa?"

"Ina takawa. Da ɗingishi."

"To taho da ita. Maganar Baba kuma ba a waya za ka yi ta ba, kai za ka je da bakinka ka gaya masa kamar yadda ka gaya mini yanzu. Ban san me zai ce ba. Amma yau ne ka fara yi mini maganar da na gane tun da ka tafi."

Aka kira jirginmu. Na miƙe a hankali, na fara taka ta hagu, sannan ta dama.